Farantin Birkin Gaba: Ƙarfen Da Ake Mantawa Da Shi A Gareji

Idan tsohuwar mota ta fara fizga gefe guda duk lokacin da aka taka birki, amsar da mai ita zai samu a gareji kusan ɗaya ce: lainin ya cinye, a sayo sabo. Idan matsalar ta dawo bayan 'yan makonni, sai a ce silindar taya ce ke yoyo. Idan ta sake dawowa, a ɗora wa ganga laifi, a kai ta wurin masu injin fere ƙarfe a daidaita cikinta. A duk wannan kai da komowa akwai ƙarfe guda da bakanike ke gani da idonsa, yake dafawa da hannunsa, yake ɗaura kowane sabon kaya a jikinsa, amma bai taɓa sa shi cikin waɗanda ake tuhuma ba. Wannan ƙarfe shi ne farantin da ke bayan gangar birki, wanda aka ɗaure da kusoshi a jikin ƙafar mota. Mutane da yawa sun ɗauke shi murfi ne kawai mai tare ƙura. A ganina wannan kuskure ne mai tsada, musamman a ƙafar gaba. Farantin nan kayan birki ne cikakke: yana cinyewa, yana lanƙwashewa, yana tsagewa, kuma akwai matsayin da idan ya kai, babu sauran dabara sai a cire shi a sa wani.

Wani zai ce ai wannan maganar zamanin da ce, tunda motocin yau duk faifai suke da shi a gaba. Gaskiya ne birkin ganga ya tsufa. Louis Renault ne ake danganta wa sigarsa ta zamani tun 1902, kuma tun da kamfanin Citroën ya fito da motar DS mai birkin faifai a gaba a 1955, sannu a hankali sauran kamfanoni suka bi sahu. Amma tsufan fasaha daban, ɓacewarta daga kan titi daban. Volkswagen Beetle, wadda aka ƙera fiye da miliyan 21 kafin ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla ta ƙasar Meziko a ranar 30 ga Yuli, 2003, galibinta da ganga take tafiya gaba da baya, kuma an harhaɗa ta a nan Nijeriya a masana'antar Ojo da ke Legas daga 1975. Tsofaffin Land Rover da suka yi aikin gwamnati da na gona da na asibitocin karkara ganga ce a ƙafafunsu huɗu. Kekunan nan masu taya uku na Bajaj da TVS, waɗanda Kanawa ke kira A Daidaita Sahu, galibinsu ganga ce a tayar gaba, kuma su ne ke ɗaukar 'yan makaranta da matan aure kullum. A ƙafar baya kuwa ganga ba ta je ko'ina ba. Har motocin lantarki na Volkswagen irin su ID.3 da ID.4 ita aka sa musu. Saboda haka bakaniken da ya raina farantin birki bai raina abin tarihi ba, abin da ke gabansa kowace safiya ya raina.

Don a gane muhimmancinsa sai an bi ƙarfin da ke tsayar da mota a ga inda yake ƙarewa. Direba ya taka feda, man birki ya bi tiyo ya isa silindar taya, silindar ta tura takalman birki biyu suka buɗe suka manne wa cikin ganga. Ganga tana juyawa tare da taya, don haka tana ƙoƙarin jan takalman su juya da ita. Abin da ke hana su juyawa shi ne madogarar da ƙarshensu ya tokare a kanta, madogarar kuwa a jikin faranti take. Silindar ma a jikinsa aka ɗaure ta, 'yan kusoshin da ke riƙe takalma ta cikinsa suka ratso, abin ƙara wa birki kamu shi ma a jikinsa yake zaune. Ke nan duk ƙarfin murɗawar da ake buƙata don tsayar da taya yana bi ta takalmi ya sauka a faranti, daga faranti ya bi ta 'yan kusoshi ƙalilan ya shiga ƙafar mota. Ga kuma lissafin da ba ya canzawa: idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin da birki zai shanye ya ninka huɗu, sannan duk lokacin da aka taka birki nauyin mota gaba yake rinjaya. Farantin gaba yana cikin ƙarafan da suka fi shan wuya a mota, kuma ba wani kauri gare shi ba, ƙarfe ne da aka matse a injin aka ba shi tudu da kwari don ya yi tauri.

Cinyewarsa tana farawa ne daga wuraren da ido ba ya kula. A fuskar faranti akwai 'yan tudduka masu baje, yawanci uku ga kowane takalmi, waɗanda gefen takalmin ke zamewa a kansu idan zai buɗe da idan zai koma. Motsin ɗan kaɗan ne, amma ƙarfe ne a kan ƙarfe, sau dubbai, shekara da shekaru, ga ƙurar hunturu da jar ƙasa suna shiga tsakani suna ƙara kaifin gugar. A hankali gefen takalmi yakan haƙa wa kansa gurbi, kamar yadda igiyar guga ke cin itacen bakin rijiya har ta yi masa zanen da ba ta fita daga ciki. Daga nan takalmin ba ya tafiya sumul. Ko dai ya maƙale a gurbin sai an ƙara taka feda ya ɓalle ya daki ganga lokaci guda, ko kuma ya fita ya kasa komawa, ya riƙa gugar ganga ana cikin tafiya har ta ɗau zafi. Abin da ke ƙara wa lamarin muni shi ne ɗabi'ar birkin ganga kanta. Takalmin da ke fuskantar juyawar ganga, juyawar ce ke ƙara cusa shi ciki, shi ya sa birkin ganga ke kamu sosai ba tare da na'urar ƙara ƙarfi ba. Amma wannan ɗabi'a tana ninka kowane ɗan bambanci. Idan takalmin hagu ya riga na dama kamawa da ƙiftawar ido, sitiyari zai fizge hagu. A ƙafar baya direba zai iya jin haka a matsayin ɗan tangal-tangal. A ƙafar gaba kuwa, inda tayar ke haɗe da sitiyari, fizgar kai tsaye take zuwa hannunsa, kuma takan zo ne a daidai lokacin da ya taka birki da ƙarfi saboda wani abu ya gitta masa. Sabon lainin da aka ɗora a kan tsohon gurbi ba ya warkar da komai. An kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Lanƙwashewa kuma sau da yawa a garejin ake jawo ta, wannan shi ne abin takaici. Ganga idan ta daɗe tana aiki takan yi ɗan baki a gefenta wanda ke riƙe takalma, ta ƙi fita. Abin da ya dace shi ne a sassauta abin ƙara kamu har takalman su ja baya. Abin da aka fi yi shi ne a zura ƙarfen cire taya tsakanin ganga da faranti a ɓanɓara, wato a mai da bakin faranti matokari. Ganga za ta fita, amma faranti ya karkace, kuma karkataccen faranti yana riƙe takalma a karkace, lainin ya riƙa cinyewa a gefe guda, bakin farantin kuma ya riƙa gugar ganga yana ƙara. Boris ɗin taya idan ya mutu aka ci gaba da tafiya, gangar kan kwanta ta cinye bakin faranti. Tayar da ta fice ana gudu, farantin ne ke shan kwalta. Sai tsatsa. Bushewar arewa tana rage ta, amma ba ta hana ta: ruwan damina da taɓo suna taruwa a ƙasan faranti, man birkin da ya tsiyayo daga silinda yana cinye fenti ya bar ƙarfe tsirara, kayan hannu da aka cire daga motocin Turai kuma sun sha gishirin da ake zubawa a tituna lokacin ƙanƙara. Tsatsar da ta fi haɗari ita ce ta gefen ramukan da kusoshin riƙe takalma ke bi. Idan ramin ya faɗaɗa kan kusa ya zurma, takalmi ya saki jiki a cikin ganga, abin da zai biyo baya kuwa zai iya zama ƙullewar taya.

A nan ne masu walda ke da hujja, kuma hujjar ba ta banza ba ce. Suna cewa gurbin da takalmi ya haƙa ana iya cike shi da walda a goge ya dawo daidai, an yi haka shekaru da yawa motoci sun ci gaba da tafiya. Na yarda da wannan, da sharaɗi. Idan farantin miƙaƙƙe ne, ƙarfensa da kauri, matsalarsa gurbi ne kawai, ɗigon walda kaɗan kaɗan da gugar natsuwa gyara ne karɓaɓɓe, ko a ƙasashen da suka ƙera motocin ana yin sa idan faranti ya yi wuyar samu. Amma gyaran yana tsayawa ne a kan abu ɗaya: dukkan tuddukan su dawo tsayi ɗaya, a aza miƙaƙƙen ƙarfe a kansu a tabbatar. Mai walda da ya narka wuri da yawa a lokaci guda zai karkatar da farantin da zafi, wanda ya goge da ido kawai zai bar tudu ɗaya sama da 'yan'uwansa, takalmi ya riƙa rawa a kansa. Sannan akwai lalacewar da walda ba ta da hurumi a kanta ko kaɗan. Tsaga a gefen ramin kusoshin da suka ɗaure faranti da ƙafar mota alama ce ƙarfen ya gaji, kuma ɗinke tsagar da ake gani ba ya cire gajiyar da ke gefenta. Madogarar da ta fara girgiza, ramin silinda da ya buɗe, ƙarfen da tsatsa ta mayar ɓawo ɓawo, duk waɗannan hukuncinsu canji ne. Shi kuwa miƙar da faranti da guduma, ido yake gamsarwa ba birki ba. Gangar gaba ta Beetle faɗin cikinta milimita 230 ne, kuma abin da aka yarda ta cinye kafin a jefar da ita bai kai milimita biyu ba. Na'urar da ake auna lafiyarta da irin wannan ƙanƙanin ma'auni, ba a daidaita ginshiƙinta da dukan guduma a kan dutse.

Aikin canjin kansa ba mai wuya ba ne, sai dai yana da tsawo, domin a ƙafar gaba farantin yana can ƙarshe, sai an kwashe komai kafin a kai gare shi. Ana tokare tayoyin baya, a ɗaga motar a aza ta a kan matokaran ƙarfe, ba a bar ta a kan jak ko bulo ba. A cire taya, a cire murfin giris, a kwance notin da ke riƙe boris. A Beetle akwai abu biyu da ke kama baƙon hannu a gefen hagu: wayar ma'aunin gudu ta cikin sandar tayar ta ratso ta fito ta murfin, an riƙe ta da ɗan zobe, sannan notin wannan gefen haƙoransa a juye suke, wanda ya murɗa shi yadda ya saba ƙara ɗaure shi yake yi. Bayan an sassauta takalma ganga ta fito, kada a hure ƙurar ciki da iska ko a kaɗe ta da busasshen tsumma. Tsofaffin lainin da dama suna ɗauke da asbestos, ma'adinin da ke janyo cutar huhu da sankara shekaru bayan an shaƙe shi, kuma yaran gareji ne suka fi kusantar da fuska. A jiƙa ƙurar a goge. Gwanayen bakanikai ba sa kwance ƙafa biyu lokaci guda. Ɗaya ake bari a haɗe ta zama madubi, domin sifirin na sama da na ƙasa ba lallai su zama iri ɗaya ba, kuma mantuwa a nan ba ta da kyau. Tiyon birki kuma daga can wajen jikin mota ake fara kwance shi, saboda idan aka murɗa shi daga wajen silinda alhali ɗaya bakin na ɗaure, zai iya yin rauni daga ciki inda ba a gani. Sai a cire silinda, a kwance kusoshin faranti, a zare shi.

Mayarwa ita ce inda ake gane wanda ya san aiki. Fuskar da faranti zai zauna a kanta sai an kankare ta tas, domin ɓarɓashin tsatsa ɗaya a bayansa ya isa ya karkatar da sabon ƙarfe. Kusoshinsa ba irin na kasuwa ba ne da ake tsinta a kwandon gareji. Idan na asalin sun lalace, a nemo masu taurinsu, a ɗaure su daidai ma'aunin da kamfani ya rubuta. Tuddukan nan kuma a shafa musu giris mai jure zafi, ɗan siriri ƙwarai, ba giris ɗin boris da zai narke ya gangaro kan lainin ba. Rashin wannan shafar ne ya haƙa gurbin farko, tsallake ta kuwa fara haƙa na biyu ne. A wanke boris a cika shi da sabon giris, a sa sabuwar robar da ke tare giris ɗin, a ɗaure notin yadda taya za ta juya sake ba tare da girgiza ba. A ƙara wa takalma kamu har su taɓa ganga sannan a ɗan ja da baya, a ƙafa biyun daidai wa daida. A ƙarshe a fitar da iska daga tiyo da sabon mai daga rufaffiyar kwalba, domin man birki yana shan damshin iska: DOT 3 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, amma idan ya sha ruwa ƙa'idarsa takan sauko zuwa 140, kuma ganga mai zafi a gangaren dutse ba ta da nisa da nan. Lainin kuwa ko faranti ɗaya aka canza, na ƙafa biyun ake sabuntawa tare.

Akwai wani tarko a sayen farantin da ya cancanci a tsaya a kansa. A motoci da dama na hagu daban ne da na dama, kuma ido ba ya saurin rabewa. Land Rover mai dogon jiki, wadda ake kira 109, gangarta ta gaba inci 11 ce, da silinda biyu a kowace ƙafa, an tsara ta yadda takalman biyu duka juyawar ganga za ta riƙa cusa su ciki idan ana tafiya gaba. Idan aka musanya farantan, na hagu ya koma dama, komai zai ɗauru, feda za ta yi tauri, amma takalman biyu sun koma masu bin baya, birkin gaba ya rasa babban kaso na kamunsa ba tare da wata alama a tsaye ba. Ita ma Beetle ta canza tsarin ƙafarta ta gaba a tsakiyar shekarun 1960, ta sake canzawa a samfurin 1302 na 1970, kuma farantansu ba sa maye gurbin juna. Shi ya sa wanda zai shiga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko ya aika Ladipo a Legas, ya kamata ya tafi da tsohon a hannu, ya aza su fuska da fuska, ya ƙirga ramuka, ya duba tuddukan na hannun da ake miƙo masa. Farantin da aka ciro daga motar da ta yi shekara arba'in tana aiki zai iya fin wanda ake son jefarwa gurbi, sai dai an wanke shi da fetur ya yi ƙyalli.

Hujjar kuɗi ita ce ta fi kowace nauyi, kuma ba daidai ba ne a yi mata kallon raini. Wanda ke tuƙa mota mai ganga a gaba galibi ba mai hali ba ne, ɗan A Daidaita Sahu kuma kowace awa da kekensa ya yi a gareji daga abincin gidansa da balas ɗin mai keke ake cire ta. Amma a yi lissafin da kyau. Karkataccen faranti yana cinye sabon lainin kafin lokacinsa, yana ƙona ganga, yana jawo zafin da ke lalata robar silinda da giris ɗin boris, birkin da ke guga kuma mai yake sha. Mai motar da aka hana shi sayen faranti ɗaya don a tausaya masa, shi ne zai sayi lainin sau biyu ko uku ya biya kuɗin aiki kowane karo. Kuma kusan duk wahalar canjin a kwancewa take. Ranar da aka riga aka cire ganga da takalma da silinda, abin da ya rage tsakanin bakanike da faranti 'yan kusoshi ne. Wasu kuma kan ce tunda za a kai har can, gara a jefar da ganga a sa faifai. Ga Beetle da Land Rover akwai kayan yin haka, faifai kuma ya fi jure zafi ba gardama. Sai dai ba canjin ƙafa ba ne kawai: babbar silindar da ke ƙarƙashin feda dole ta dace da shi, rabon ƙarfi tsakanin gaba da baya dole ya daidaita, in ba haka ba garin neman gira a rasa ido. Gangar da ke zaune a kan lafiyayyen faranti, aka daidaita ta yadda ya kamata, tana tsayar da motar da aka ƙera ta dominta a irin gudun da aka ƙera ta ta yi.

Abin da ya sa nauyin duka ya koma kan bakanike shi ne babu wani da zai gani. Jami'in duba lafiyar motoci ko na hukumar kiyaye haɗurra da ya tsayar da mota a hanya zai duba taya da fitila da takardu, ba zai cire ganga ba. Mai motar ma ba ya ganin fuskar faranti sai an nuna masa. Mutum ɗaya ne ke samun wannan dama, a 'yan mintocin da takalma suke ƙasa: ya goge tuddukan shida, ya bi su da farce ya ji ko farcen zai maƙale, ya aza miƙaƙƙen ƙarfe ya ga ko haske na ratsawa, ya girgiza madogara, ya haska gefen kusoshi ya nemi tsaga, sannan ya kira mai motar ya nuna masa da yatsa. Bayan an haɗa komai kuma, a gwada motar a fili marar jama'a, daga tafiyar ƙafa zuwa matsakaicin gudu, hannu a sake a kan sitiyari. Idan ta tsaya a miƙe, a taɓa gangunan biyu a ji ko zafinsu ɗaya ne. Idan ɗaya ta fi 'yar'uwarta zafi, ko sitiyari ya motsa ko da kaɗan, a mayar da ita kan matokari a sake buɗewa kafin mai ita ya karɓi makulli.